Wa Ke Buga Takardu Cikin Dare a Madawa?

Wata ƙungiya ce mai aikin farfaɗo da ƙasa a Adar, irin aikin da mutanen yankin suka saba da shi tun 1984, shekarar da aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya ƙarƙashin kulawar hukumar FAO: haƙa rabin-wata da tassa a fako, jera duwatsu a gangare don tare ruwa, dasa itatuwa a bakin kwazazzabai. Babban ofishinta yana Madawa, tana da reshe a Buza, da wani a Keita.

Masu haƙan nan da takarda ake biyansu. Jerin sunaye ne, da ƙauyen kowa, da kwanakin da ya yi, da kuɗinsa, da gurbin dangwala yatsa. Wakilin Buza da na Keita su ke tsara jerin a kwamfutocinsu, amma shugaba da hatiminsa suna Madawa, kuɗin ma daga can suke fitowa. Don haka aka shirya abin yadda wakili zai danna umarnin bugawa yana zaune a Keita, takarda ta fito a Madawa, a sa hannu, a buga hatimi, mota ta ɗauke ta tare da kuɗi. Duk wanda ya taɓa hawa tuddan da ke tsakanin Buza da Keita da damina ya san wannan dabara ta rage wahala ba kaɗan ba. Jigon tsarin kwamfuta ce ɗaya a ɗakin ma'aji, uwar garke, mai aiki da Linux, wadda ke karɓar aikin kowa ta miƙa wa wata babbar firinta da ke gefenta.

Ana tsakiyar kwasar albasa a kwarin Tarka, zafi ya kankama, sai aka fara iske takardu a bakin firintar da safe, babu wanda ya ce nasa ne. Ƙunshin takarda mai 500 da kan daɗe ana amfani da shi ya koma ƙarewa nan da nan. Tawada ma haka, ga shi ba a samun irinta sai an aika Maraɗi ko Ƙonni. Da shugaba ya tambayi dattijon da ke gadi, sai ya ce: “Ranka shi daɗe, ni dai na jiya injin ga ya tashi shi ɗai cikin dare. Ɗaki a kulle, makulli yana hannunku. Na haska ta taga, babu kowa, takarda ce kawai ke fita.” Wasu suka yi dariya, wasu suka fara zancen aljanu.

Kafin a kira ni daga Maraɗi don in duba injin, magana ta riga ta yi nisa. Ma'aji ya tsaya a kan cewa da ɗan gari akan ci gari: ko dai Baba mai gadi yana buɗe wa wani ƙofa da dare, ko kuma sakatariya tana kasuwancin buga takardu da tawadar ofis. Har an fara raɗe-raɗin yanke albashi. Wannan shi ya fi damuna a lamarin, fiye da asarar takarda. A ofisoshinmu idan abu ya salwanta, ƙasa ake fara dubawa, wajen wanda ba shi da bakin kare kansa, alhali na'urar da ake rigima a kanta tana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, babu wanda ya buɗe ya karanta.

Na roƙi a kawo mini takardun duka. Allah ya sa sakatariya ba ta zubar ba, ta tara su a wani kwali. Muka baje su a kan tebur muka fara warewa, sai ga su sun rabu kashi uku. Kashi na farko na ƙungiyar ne da kanta, jerin biyan ma'aikatan wasu ƙauyukan Karofan da Babankatami, amma kowane jeri ya fito sau da yawa, iri ɗaya sak. Na biyu takardun mutanen gari ne: takardar neman aiki, katin gayyatar ɗaurin aure, tambayoyin jarrabawar lissafi na 'yan firamare. Na uku kuwa kusan farare ne fat, sai layi ɗaya ko biyu can sama. Wasu haruffa ne a birkice da ba su karantuwa, wasu kuma an rubuta GET / HTTP/1.1 da 'yan kalmomi a ƙasa.

Tun a nan na gaya wa shugaba cewa mutum ɗaya ba zai yi waɗannan ayyuka uku ba. Mai satar tawada ba zai ɓata ta a kan farar takarda ba, kuma ba zai bar katin auren da aka biya shi ya buga a bakin inji har gari ya waye ba.

Manhajar da ke tafiyar da bugu a uwar garken sunanta CUPS. Wani Ba'amurke ne, Michael Sweet, ya fitar da ita a 1999, kamfanin Apple ya saye ta a 2007, kuma ita ce ke wannan aiki a mafi yawan kwamfutocin Linux. Tana da rajista biyu masu amfani a irin wannan bincike. Ɗaya, access_log, tana rubuta lokacin da aiki ya iso da adireshin kwamfutar da ta aiko shi. Ɗayar, page_log, tana rubuta lokacin da aka buga shi, da sunan mai aikowa, da sunan takardar, da yawan shafukanta. An yi sa'a duka biyun suna aiki.

Kashi na farko bai ba da wahala ba. Rajistar shigowa ta nuna jerin Karofan ya iso daga Buza da rana tsaka, ya sake isowa bayan 'yan mintuna, ya kuma sake. Rajistar bugu kuwa ta nuna dukkansu sun fito a jere cikin dare. Me ya riƙe su tsakanin rana da dare? Na sunkuya ƙarƙashin tebur na bi wayoyi. Uwar garke da akwatin intanet suna kan batir, firintar kuma kai tsaye take a bango. Haka ya kamata a haɗa ta, domin irin wannan firinta da zafi take manna tawada a takarda, kuma wutar da take ja idan tana ɗumama ta fi ƙarfin ƙaramin batir. Wanda ya zauna a yankin lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a watan Agustan 2023 ya san yadda kowane ofis ya koyi lissafin abin da batir zai ɗauka da abin da ba zai ɗauka ba. To, idan wuta ta ɗauke a Madawa, uwar garke tana nan a farke tana karɓar aiki, tana jera shi a layi, tana jiran firinta ta farka.

Sakatariya ce ta cike sauran. Ta ce wakilin Buza kan kira ta: “Malama, ta fito?” Ta ce ba ta fito ba, babu wuta. Shi kuma ya ce, “To bari in sake turowa, ko rezo ne.” Kowane sake turowa sabon aiki ne a layi. Ana maido wuta cikin dare, firinta ta ɗumama, ta kwashe layin gaba ɗaya. Na fita na samu dattijon a bakin ƙofa na ce, “Baba, gaskiyarku. Injin shi kaɗai yake tashi, kuma ga dalili.” Ya ce, “Alhamdu lillahi, ɗana. Dama ni ban san wani abu game da shi ba sai ƙararsa.”

Kashi na biyu ne ya ɗaure wa kowa kai. A gaban kowace takardar mutanen gari, rajista ta rubuta suna ɗaya: sunan tsohon ma'ajin ofishin, wanda ya daɗe da barin aiki ya tafi Abijan nema, kamar yadda 'yan Adar da yawa kan yi. Mutum yana Abijan, amma yana buga katin aure a Madawa, kuma adireshin da aikin ke fitowa na cikin gida ne, irin masu farawa da 192.168, waɗanda akwatin intanet ke raba wa na'urorin da suka shiga wifin ofis.

Ma'aji ya leƙo ta bayana ya ga lokutan, ƙarfe biyar da 'yan mintuna na yamma, sai ya ce magana ta ƙare. A wannan lokaci sakatariya kaɗai ke saura a ofis tana rufe tagogi, kuma ita ta san sunan wanda ya tafi, ta fake da shi. Yarinyar ta yi shiru, idonta ya ciko. Na nuna masa ƙarshen kowane lokaci a rajistar, inda aka rubuta +0000. Agogon uwar garken yana kan lokacin Greenwich ne, Nijar kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya. Ƙarfe biyar na rajista ƙarfe shida ne a Madawa, lokacin da ta riga ta isa gida, kuma Baba mai gadi shi ke rufe ƙofar waje a bayanta kullum. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda awa ɗaya ta rushe.

Game da sunan kuma, akwai abin da ya kamata duk mai riƙe da ofis ya sani. A yadda aka saba kafa CUPS, sunan da ke cikin rajista kwamfutar mai aikowa ce ke faɗarsa, uwar garke kuma ta rubuta ba tare da ta tantance ba. Idan kwamfuta ta ce ni wane ne, haka za a rubuta. Saboda haka sunan bai nuna mutum ba, ya nuna dai akwai wata kwamfuta da har yanzu take amsa sunan tsohon ma'aji.

Na buɗe shafin akwatin intanet, inda yake ajiye jerin na'urorin da ya bai wa adireshi. A gaban adireshin nan akwai sunan kwamfuta, kuma irin sunayen da ofishin ke raɗa wa nasa kayan ne, harufan ƙungiya da lamba. Aka ɗauko littafin kaya. Lambar ta wata kwamfutar hannu ce da aka yi gwanjonta lokacin da aka sayo sababbi. Direba ne ya saya, ya ce ya sayar wa wani ɗan'uwan matarsa, wanda shi ma ya sayar. Ba mu tsaya bin wannan sarƙa ba, domin wifi ba ya nisa. Duk inda kwamfutar take, tana kusa da katanga.

Da yamma na zauna ina kallon jerin na'urori. Bayan an tashi aiki sunan ya bayyana. Na bar ma'aji a gaban firinta, na zagaya bayan ofis. Akwai wata rumfar kwano a jikin katanga, da benci, da wani matashi a gaban kwamfuta yana tsara wa wani katin suna. Malamin makaranta ne na kwantaragi, da safe yana aji, da yamma yana buɗe rumfa ya rubuta wa mutane takardu don ƙarin abin cefane. Na yi sallama na ce, “Mushe, sannu da aiki. Don Allah in ga yadda kake bugawa.” Ya danna, ya jira, babu abin da ya motsa. Ya yi tsaki ya ce ai haka take yi masa kullum, sai ya sake buɗewa ya zaɓi firintarsa da hannu sannan take yarda. Ya zaɓa, ƙaramar firintarsa ta fara aiki. Kafin katin ya gama fitowa wayata ta yi ƙara. Ma'aji ne: “Malam, wani katin suna ya fito nan.”

Ashe ba a goge kwamfutar ba kafin a sayar da ita. Tana ɗauke da sunan tsohon mai ita, tana tune da kalmar sirrin wifi da ba a taɓa canzawa ba, kuma firintar ofis ce zaɓinta na farko. Dannawar farko ta kowace takarda ƙetare katanga take yi. Da ma'aji ya zagayo da katin a hannunsa, malamin ya dafe kai yana salati. Abin da ya fara tambaya shi ne ina takardun mutanensa, domin akwai na neman aiki masu ɗauke da ranar haihuwa da lambar waya, akwai kuma tambayoyin jarrabawar da wani abokin aikinsa ya ba shi amana. Aka mayar masa da su. Na goge masa tsohon sunan da tsohuwar firintar a nan take.

Saura kashi na uku, kuma shi ne mai haɗari. Waɗannan farare masu layi ɗaya babu su a rajista ko kaɗan, ba a ta shigowa ba, ba a ta bugu ba. Kowace firinta irin wannan tana da tata ƙidayar shafukan da ta buga tun ranar da aka ƙera ta. Muka rubuta lambar da yamma, muka sake dubawa da safe, muka kwatanta da rajista. Ƙidayar firinta ta haura ta rajista, kuma bambancin daidai yake da yawan fararen da muka tarar. Ke nan akwai aikin da ke isa firinta bai bi ta uwar garke ba.

A gidan Bahaushe baƙo a zaure yake tsayawa, ya yi sallama, a san ko wane ne kafin a ce ya shigo. Uwar garke ita ce zauren wannan ofis, amma firintar tana da tata ƙofar ta baya. Tana da wayar sadarwa tata, da adireshinta, kuma tana sauraro a ƙofa mai lamba 9100. Wannan ƙofa ta samo asali ne daga na'urorin JetDirect na kamfanin HP, tun farkon shekarun 1990, kuma sauƙinta shi ne aibinta: ba ta tambayar suna, ba ta tambayar kalmar sirri, abin da aka zuba mata shi take bugawa. A shafin akwatin intanet na tarar da umarni biyu na tura baƙi ciki. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 631 daga waje a kai shi uwar garke, wanda ya ƙwanƙwasa ta 9100 a kai shi firinta kai tsaye. Ofishin kuwa yana da layi mai tsayayyen adireshi, wanda ake iya samu daga ko'ina a duniya.

Na kira shugaba ya tsaya a gaban injin. Na kashe wifi a wayata don in zama baƙo na waje, na tura gajeriyar sallama zuwa adireshin ofis ta ƙofa ta 9100. Firinta ta yi ƙara, ta ja takarda, sallamar ta fito a can sama, a daidai inda layukan nan ke fitowa. Ya ɗauka ya duba gaba da baya ya ce, “Kana nufin ko wanda ke ƙasar Sin zai iya yin haka?” Na ce, “Ranka shi daɗe, su ne ma suke yi, su da na ko'ina.”

Babu wanda ya nufi Madawa da gangan. Adireshin intanet na tsohon tsari kimanin biliyan 4.3 ne, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da manhajar ZMap, wadda ke iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkansu cikin ƙasa da awa guda idan ta samu layi mai ƙarfi. Akwai kuma Shodan, wanda John Matherly ya buɗe a 2009, da ke tara bayanin na'urorin da aka bari a buɗe. Dare da rana irin waɗannan injuna suna zagaye, na masu bincike da na 'yan damfara. Idan suka tarar da ƙofa a buɗe sukan yi mata tambaya irin wadda ake yi wa shafin intanet, wato GET ɗin nan, don su gane me ke bayanta. Firinta ba ta san tambaya ba ce, sai ta buga ta. Matsalar sananniya ce har manhajar bincike ta Nmap takan tsallake ƙofofi 9100 zuwa 9107 wajen irin wannan tambaya, don kada ta ɓata wa mutane takarda.

Wasu kuma sun wuce tambaya. A watan Fabrairun 2017 wani mai kiran kansa Stackoverflowin ya tura saƙo zuwa firintoci kimanin 150,000 a faɗin duniya, har da na buga rasit a gidajen abinci, yana gargaɗin masu su su rufe ƙofa. A ƙarshen Nuwamban 2018 wani ya sa kusan 50,000 suka buga tallar shafin PewDiePie na YouTube. A watan Satumban 2024 kuma wani mai bincike ɗan Italiya, Simone Margaritelli, ya bayyana wasu kurakurai a tsarin CUPS da za su iya bai wa na waje damar dasa firintar bogi a kwamfuta ta ƙofa ta 631, har ya kai ga gudanar da umarninsa a cikinta.

Amma abin da na fi jaddada wa shugaba na gida ne. Na tambaye shi yadda yake gane cewa jerin biya daga Keita ya fito. Ya ce ai daga injin nan yake fitowa, kuma da sunan wakili a ƙasa. To ga inda haɗarin yake. Bakin firintar nan ya zama shaida a ofishin, duk abin da ya fito daga cikinsa ana ɗauka daga reshe yake. Wanda ya san fasalin jerin zai iya tsara nasa, ya ƙara sunaye biyar na mutanen da ba su taɓa riƙe diga ba, ya turo daga ko'ina, takarda ta shiga cikin 'yan'uwanta, a sa mata hannu a ranar da aiki ya yi yawa. Kuɗin na matan da suka yini suna ɗaukar duwatsu a ka ne. Sannan jerin na gaskiya ma yana ratsa intanet ne a fili, da sunayen mutane da abin da aka biya su, alhali tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane.

Tambayar wace kwamfuta aka yarda ta buga daga nesa tsohuwa ce. A tsarin Unix na Jami'ar Berkeley, wanda daga baya aka rubuta ƙa'idar bugunsa a 1990 cikin takardar RFC 1179, mai lura da uwar garke yana da wani ɗan fayil, hosts.lpd, inda yake rubuta sunayen kwamfutocin da aka amince da su, kowace a layinta. Wadda ba ta ciki a mayar da ita. Akwai wani fayil ɗin, hosts.equiv, wanda shi ma ke ba da izinin bugu, sai dai amanarsa ta fi faɗi, har da shiga cikin kwamfutar, kuma alamar + guda ɗaya a cikinsa tana nufin kowa da kowa. Masu gaggawa sun sha faɗawa wannan rami. A CUPS jerin ya koma cikin fayil ɗin cupsd.conf, kuma da na buɗe na Madawa sai na tarar da jikan waccan alama: layi ɗaya, Allow all, a bar kowa.

Me ya sa wanda ya kafa tsarin ya yi haka? Sauran aikinsa mai tsafta ne, ba na wanda bai san abin da yake yi ba. Na kira wakilin Keita na ce ya buɗe shafin da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet ya karanta mini. Ya karanta na rubuta. Na ce ya kashe modem ɗinsa ya sake kunnawa, ya sake karantawa. Lamba ta canza. Reshen Keita da na Buza da layin waya suke shiga intanet, kuma kamfanonin waya ba su bai wa kowane mai layi adireshinsa na dindindin. Sukan tara mutane masu yawa a bayan adireshi ɗaya, gobe kuma su sauya. Idan ka rubuta adireshin Keita na yau a jerin izini, gobe a kore shi. Idan ka rubuta rukunin adireshin kamfanin gaba ɗaya, ka shigo da duk mai irin wannan layi daga Difa har Tilaberi. Wanda ya kafa tsarin ya ga Keita ta kasa bugawa, ana kiransa ana ƙorafi ranar biya, sai ya buɗe wa kowa don aiki ya tafi. Ƙofar 9100 kuma da alama gwajinsa na farko ce, kafin ya koma ta uwar garke, aka bar ta a nan.

Da aka gane tushen, gyara ya zo da sauƙi. Na goge umarnin turawa guda biyun daga akwatin intanet. Na zare wayar sadarwa daga bayan firinta na haɗa ta da uwar garke da wayar USB, ta yadda ba ta da wata hanya sai wannan. Aka canza kalmar sirrin wifi, aka ware na baƙi daban wanda ba ya ganin kayan ofis. Na daidaita agogo da lokacin Yamai, na sabunta CUPS, na kashe ɓangarenta mai neman firintoci da kansa, wanda ta nan kurakuran 2024 suka shigo.

Ga rassan kuwa, tunda adireshinsu na waje ba ya tsayawa, sai a yi musu na ciki mai tsayawa. Na yi amfani da WireGuard, manhajar da Jason Donenfeld ya ƙirƙira, wadda ta shiga cikin Linux a 2020. Kowace kwamfuta tana da makullinta na sirri, uwar garke tana riƙe da abokin makullin, kuma ta wannan take gane ta ko daga wane adireshi ta ɓullo. Duk abin da ke bi ta hanyar a rufe yake, kuma wanda ya ƙwanƙwasa ba tare da makulli ba, ko amsa ba ya samu. A cikin wannan hanya Buza ta samu lambarta ta dindindin, Keita ta samu tata. Sai na koma cupsd.conf na share Allow all, na sa umarnin da ke hana kowa tun farko, sannan na jera waɗanda aka yarda da su ɗaya bayan ɗaya: kwamfutar shugaba, ta ma'aji, ta sakatariya, ta Buza, ta Keita. Kowane mai aikowa kuma sai da sunansa da kalmar sirrinsa, don sunan da ke rajista ya zama wanda za a iya tsayawa a kansa.

Na ƙara abu ɗaya saboda matsalar wuta. Aikin da ya zo daga rassa ba ya fita da kansa yanzu, yana tsayawa a layi har sai sakatariya ta duba ta sake shi. Muka gwada da Keita. Wakilin ya turo jerin Garhanga, rezo ya yi masa nauyi, ya sake turowa kamar yadda ya saba. Ta ga biyun a allonta da sunansa da lambar reshensa, ta saki ɗaya, ta soke ɗaya. Na sake tura sallama daga wayata ta waje, firinta ba ta motsa ba.

Jerin izinin na rubuta shi da hannu a littafin kaya, kowace kwamfuta da lambarta da sunan mai riƙe da ita, shugaba ya sa hannu a ƙasa. Aka yi ƙa'ida cewa ba a ƙara layi sai da sa hannunsa, kuma duk kwamfutar da za a sayar, ko ta ɓace, ko mai ita ya bar aiki, a cire makullinta daga uwar garke a ranar, a goge ta kafin ta fita daga ofis. Ma'aji ne ya nemi a ba shi aikin duba rajista duk ranar Litinin, yana kwatanta ta da ƙidayar firinta, sakatariya kuma ta nuna masa inda ake buɗe ta.